Wasiƙa Daga Gorton: Yarinyar Da Ta Daina Gudu

  Mu nan sai ruwa da sanyi, ga karatu ya sa ni gaba, shi ya sa kuka ji ni shiru kwana biyu.

'Yar maƙwabciyata ce ta sa ni rubutu yau. Shekararta 14, kuma duk ajinsu na sakandare babu mai kamo ta a tseren mita 200. Kwatsam bana ta ce ta daina. Uwar ta ce lalaci ne da danne-dannen waya. Da na ja ta gefe sai ta ce, "Anti, ba gudun na tsana ba, idon mutane ne." Jikinta ya fara canjawa, kayan tseren sun ɗame ta, ga 'yan aji da waya suna ɗaukar hoto. Ranar gasa tun asuba cikinta ke murɗawa. Yanzu ko ɗakin cin abinci ba ta son shiga.

Ni a ganina wannan ba lalaci ba ne, fargabar shiga jama'a ce, kuma daga yadda take kallon jikinta abin ya faro. Ba ita kaɗai ba ce. A 2022 ƙungiyar Women in Sport ta nan Ingila ta gano cewa kashi 43 cikin 100 na 'yan matan da suka taso da son wasa suna janyewa bayan firamare, kuma tsoron abin da za a ce a kansu na cikin manyan dalilai.

Manya ma ba su tsira ba. Tess Howard, wadda ta ci wa Ingila ƙwallo a wasan ƙarshe na hoki a gasar Commonwealth ta Birmingham a 2022, kan kayan wasan 'yan mata ta yi bincikenta a jami'ar Durham, ta kuma matsa har aka bar mata su zaɓi wando maimakon siket. Manchester City, wadda a nan Gorton aka kafa ta a 1880, ta sanar a 2022 cewa matanta za su bar farin wando saboda zullumin kwanakin al'ada. In ƙwararru suna jin haka, ina ga 'yar shekara 14?

To, kada mu ce matsalar Turawa ce. Mu tuna bakinmu a gida: "lukuta", "tsinke", "ƙafa kamar ta maza". Samari ma suna sha, musamman ranar cire riga a fili. Mu wasa muke yi, yaro kuwa ya tafi da ita a zuci.

Roƙona biyu ne. Malamai su bar yara su zaɓi sutura, da dogon wando da hijabi. Hukumar dokokin ƙwallo ma ta amince da rufe kai tun 2014. Mu kuma iyaye mu riƙa tambayar daƙiƙa nawa ta yi, mu ƙyale zancen ƙiba da rama.

Ta yarda za mu zagaya Debdale Park ranar Asabar da sassafe, kafin mutane su fito. Ku taya mu addu'a.

A gaida su Hajiya. Sai wani jiƙon.