Sharhi: Darasin Ayilan Ga Taraba Kan Kusancin Malaman Addini Da Masu Mulki

Ƙidayar jama'ar da aka gudanar a Jamhuriyar Ayilan a shekarar 2022 ta nuna cewa kashi 69 cikin ɗari na mazauna ƙasar ne suka bayyana kansu a matsayin mabiya ɗarikar Katolika. A 2011 adadin ya kai kashi 84. Waɗanda suka ce ba su bin kowane addini kuwa sun kai kashi 14. Wannan ita ce ƙasar da a 1979 mutane sama da miliyan guda suka yi dafifi a dandalin Phoenix da ke Dublin domin tarbar Fafaroma John Paul na Biyu, alhali yawan 'yan ƙasar baki ɗaya bai kai miliyan uku da rabi ba.

Ga mazaunin Lau, a bakin kogin Binuwai, labarin zai iya zama kamar na wata duniya. Amma akwai igiyar da ta haɗa wuraren biyu. Limaman ƙungiyar Waliyyi Augustine da suka fito daga Ayilan su ne suka kafa Cocin Katolika a tsohon lardin Adamawa, inda suka fara da Sugu a 1940. Bishop na farko na Yola, Patrick Dalton, ɗan Ayilan ne, haka ma magajinsa Patrick Sheehan wanda daga baya ya koma Kano. Daga Yola aka yanko dayosis ɗin Jalingo a 1995, shekara huɗu bayan kafa Jihar Taraba, aka ɗora Ignatius Kaigama, ɗan asalin Kona kuma Babban Bishop na Abuja a yau, a matsayin bishop na farko. Ƙaramar hukumar Lau tana ƙarƙashin wannan dayosis. Tun 1961 ma bishop-bishop na Najeriya suka ɗauki Waliyyi Patrick, majiɓincin Ayilan, a matsayin majiɓincin cocinsu. Yau abin ya juya: limamai 'yan Najeriya ne ke tafiya can su riƙe majami'un da suka rasa masu jan ragama.

Fassarar da aka fi ji a kan mumbari, na coci da na masallaci, ita ce Turawa sun ƙoshi sun manta da Allah. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin arzikin da Ayilan ta samu daga shekarun 1990 ya sauya rayuwar jama'arta ƙwarai. Sai dai wannan fassara tana yi wa malaman addini sassauci fiye da kima, tana tsallake rawar da su da kansu suka taka.

Bayan da Ayilan ta samu 'yancin cin gashin kai daga Birtaniya a 1922, sabuwar gwamnati ba ta da kuɗi, kuma cocin shi ne ya tsaya tare da talakawa a ƙarnukan mulkin Ingila. Don haka aka bar masa makarantu, da asibitoci, da gidajen marayu, da gidajen gyaran hali, gwamnati na biya, coci na gudanarwa. Kundin tsarin mulkin 1937 ya amince da matsayi na musamman ga Cocin Katolika, ya kuma haramta sakin aure. Tun 1935 doka ta hana sayar da magungunan tsarin iyali. Abin lura shi ne babu bishop ko ɗaya da ya zama minista ko firaminista. Ba su buƙaci hakan ba. A 1951 ministan lafiya, Dakta Noël Browne, ya kawo shirin kula da lafiyar mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 16 kyauta. Ƙungiyar likitoci ta ƙi, bishop-bishop ƙarƙashin tasirin Babban Bishop na Dublin, John Charles McQuaid, suka ce shirin kutse ne cikin hurumin iyali. Gwamnati ta janye, ministan ya yi murabus, ya kuma saki wasiƙun da aka yi musaya ga jaridu. A nan ne jama'a suka ga ainihin inda ake yanke shawara.

Iko irin wannan, wanda ba a zaɓe shi ba kuma babu mai iya tuhumarsa, shi ya haifar da ɓarnar da ta fito fili daga baya. Rahoton Ryan na 2009 ya tabbatar da cewa an shafe gomman shekaru ana azabtar da yara da cin zarafinsu a cibiyoyin da ƙungiyoyin coci ke gudanarwa, jami'an ma'aikatar ilimi kuma suna kau da kai saboda kwarjinin masu rigar. Rahoton Murphy na wannan shekarar ya gano cewa shugabannin cocin Dublin sun fifita kare sunan coci a kan kare yaran. Gidajen wanki na Magdalene, inda ake tsare 'yan matan da aka ce sun zubar da mutuncin iyali suna aikin da ba a biyansu, ba a rufe na ƙarshensu ba sai 1996. A garin Tuam, wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tattaro takardun mutuwar yara 796 a wani gidan sistoci, babu bayanin inda aka binne su. A watan Yulin 2011 Firaminista Enda Kenny, shi kansa mai zuwa coci, ya miƙe a majalisa ya caccaki Fadar Vatikan kan yadda ta tafiyar da lamarin, abin da a zamanin McQuaid ko a mafarki ba za a zata ba.

Sauran labarin ƙuri'u ne. An cire matsayi na musamman a 1972. An halatta sakin aure a 1995 da ratar ƙuri'a kusan dubu tara kacal. A 2015 kashi 62 suka amince da auren jinsi, a 2018 kashi 66 suka soke haramcin zubar da ciki. A duka biyun na ƙarshe cocin ya yi magana, amma maganarsa ta riga ta yi sauƙi.

Taraba ba Ayilan ba ce, kuma duk wanda ya kwatanta su kai tsaye ya yi gaggawa. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma. Babu addini ko ɗarika guda da ta mallaki jihar. Akwai masarautar Muri mai tushe a jihadin ƙarni na 19. Akwai cocin Methodist da ya yi ƙarfi daga Bambur a tsallaken kogi. Akwai Lutheran da suka yaɗu daga Numan. Akwai CRCN a kudu. Ga Katolika, ga masu addinin gargajiya. A Lau kaɗai, Yandang da Mumuye da Jenjo da Fulani da Hausawa suna cin kasuwa ɗaya. Wannan yawan ɓangarori kariya ce daga irin babakeren da aka yi a Dublin. Amma shi ne kuma ya sa addini ya zama ma'aunin rabon kujeru, har ya zamana kafin a tambayi abin da ɗan takara ya iya, an tambayi inda yake ibada.

Duk gwamnonin da aka zaɓa a jihar Kiristoci ne: Jolly Nyame, Danbaba Suntai, Darius Ishaku, Agbu Kefas. Musulmi sun riƙe kujerar ne a matsayin riƙo, bayan haɗarin jirgin saman da ya rutsa da Suntai kusa da Yola a watan Oktoban 2012, inda Garba Umar ya karɓa, daga baya Sani Abubakar Danladi. Rikicin da ya biyo bayan dawowar Suntai daga jinya a 2013 tambaya ce mai sauƙi ta tsarin mulki: shin gwamna yana da lafiyar yin aiki ko ba shi da ita? Cikin kwanaki kaɗan ta rikiɗe ta zama ta wane addini ne zai riƙe Gidan Gwamnati, aka bar jihar tana tangal-tangal kusan shekara biyu. Takarar Aisha Jummai Alhassan a 2015, wadda kotun zaɓe ta ba nasara kafin manyan kotuna su soke hukuncin, ita ma da wannan tabarau mutane da yawa suka kalle ta.

Jihar ta kuma gwada ɗora malamin addini a kan karaga. Nyame limamin Methodist ne, ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, sannan daga 1999 zuwa 2007. A watan Mayun 2018 wata babbar kotu a Abuja ta same shi da laifin karkatar da kuɗin jiha ta yanke masa shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi masa afuwa a 2022. Gwamnoni da dama marasa rigar limanci sun fuskanci irin wannan tuhuma, don haka ba hujja ba ce a kan malamai. Abin da ta nuna shi ne rigar ba ta tsare baitulmali.

Dokar Cocin Katolika, a sashe na 285, ta hana limamansa riƙe muƙamin da ya ƙunshi ikon gwamnati. A maƙwabciyar jihar Binuwai an riga an keta ta sau biyu: Fada Moses Adasu ya yi gwamna a 1992, Fada Hyacinth Alia kuma ya hau a 2023, bayan Bishop William Avenya na Gboko ya dakatar da shi daga hidimar coci a bainar jama'a a 2022. Dokar tana da hikima, domin tana raba hukuncin da masu zaɓe za su yi wa gwamna da amanar da suka ba limami. Sai dai tarihin Ayilan ya nuna cewa ta rufe ƙaramar ƙofa ce kawai. Alia, ko ba komai, ya tsaya zaɓe, majalisa na iya tsige shi, jarida na iya bin diddiginsa. Wanda ya fi wuyar tuhuma shi ne malamin da bai tsaya takara ba amma shi ake kai wa sunayen kwamishinoni ya sa albarka, shi ake ba kujerun aikin Hajji ko na ziyarar Urushalima ya raba, sannan ya yi gum idan an kwashe watanni ba a biya malaman makaranta ba. Irin wannan akwai shi a cikin rawani, akwai shi a cikin farar kwala.

Abin da ya fi damun mutanen Lau shi ne yadda ake sa wa rikicinsu suna. A watan Janairun 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan ƙaramar hukumar, ciki har da Donadda da Katibu, gomman mutane suka mutu, dubbai suka tsere. Lamarin ya zo ne makonni bayan kashe-kashen Numan a tsallaken iyakar Adamawa, kuma a daidai watan da dokar hana kiwon sake ta jihar, wadda aka sa wa hannu a 2017, za ta fara aiki. Manoma da makiyaya kowa ya ƙirga gawawwakinsa ya ɗora wa ɗaya laifi. Tushen rigimar fadama ce da burtali da mashaya, da kuma ramuwar gayya da babu kotun da ta tare. Amma da yake galibin manoman Kiristoci ne, makiyayan kuma Musulmi, kafin labarin ya isa Abuja ya zama yaƙin addini, kowace ƙungiyar addini ta fitar da sanarwa tana kuka da nata mamatan kaɗai.

Wanda ke ganin addini ne ke bayyana komai a Taraba sai ya duba kudu. A watan Agustan 2019 aka kashe Fada David Tanko, aka ƙona gawarsa a cikin motarsa a yankin Takum, yana hanyar zuwa taron sulhu tsakanin Tibi da Jukunawa, al'ummu biyu da galibinsu Kiristoci ne. Ko ya duba Karim Lamido, tsallaken kogi daga Lau, inda rabuwar cocin Methodist a 2024, bayan babban taron cocin a Amurka ya sassauta dokokinsa kan auren jinsi, ta kai ga zubar da jini a Munga Dosso a watan Disamba. Muhawarar da 'yan Ayilan suka warware da akwatin zaɓe ta iso gaɓar Binuwai ta koma rigimar gine-gine da filaye da shugabanci tsakanin 'yan coci ɗaya. Kisan Fada Tanko ya kuma nuna inda martabar malami take fitowa: an saurare shi a ɓangarorin biyu ne saboda ba a ɗauke shi ɗan wata jam'iyya ba.

Inda misalin Ayilan ya fi kusa da Najeriya shi ne makarantu. Gwamnatoci sun karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, kuma tun daga lokacin coci-coci ke neman a mayar musu. Anambra ta yi haka a 2011 a zamanin Peter Obi, gwamnati ta ci gaba da biyan albashi, sakamakon jarabawa ya inganta, ana ta ba da misali da ita. Wannan shi ne ainihin tsarin Ayilan, kuɗin hukuma a hannun coci. A Anambra, inda kusan kowa Kirista ne, matsalarsa ba ta cika fitowa ba. A ƙauyen Lau mai firamare guda ɗaya, da ɗan manomi da ɗan makiyayi ke zama kan benci ɗaya, tambayoyin suna da yawa: wa zai ɗauki ɗalibai, wa zai ɗauki malamai, wace addu'a za a yi da safe, kuma wane jami'i ne zai iya shiga ya bincika idan an ci zarafin yaro? Haka tambayoyin suke ga makarantun Islamiyya da tsangayun da ke neman tallafin gwamnati.

A Ayilan, har yanzu kusan kashi 90 na makarantun firamare suna ƙarƙashin kulawar Cocin Katolika, duk da yunƙurin miƙa wasu ga wasu hukumomi da aka fara tun 2012. Sai a 2018 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta hana waɗannan makarantu fifita yaron da aka yi wa baftisma wajen ɗaukar ɗalibai, bayan an daɗe ana samun iyayen da ba sa zuwa coci suna kai jariransu a yi musu baftisma domin kawai su samu gurbi a aji.