Kowane Magani da Inda Aka Nufe Shi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Birnin Kebbi ko ta Argungu ya ga yadda kayan haɗin ma'aikatu suka cika rumfuna. Ga soda ta masu sabulu, ga alam mai kwantar da laka a ruwan sha, ga tina ta masu fenti, ga sholisho na masu facin taya. Ga kuma takin yuriya da magungunan feshi, waɗanda cinikinsu ya ƙaru tun da aka buɗe shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi cikin 2015. Mu dai ba mu ga laifin waɗannan abubuwa ba, don kuwa da su ake samun tsabta da yalwar abinci. Abin da mu ke cewa shi ne, kowane ɗayansu an yi shi ne domin aiki guda, in aka kai shi wani aiki dabam sai ya zama dafi.

Babban misali shi ne gamalin. Asalinsa wani sinadari ne da Turawa ke kira lindan, wanda wani kamfani na Ingila ya sayar da sunan Gammalin 20 domin kashe ƙwarin da ke ɓata koko a ƙasar Yarabawa da Gana. Da wasu masunta suka gane yana kashe kifi, sai suka shiga tsiyaya shi cikin gulabe da tafkuna. Kafin a jima kifi ya taso birjik, a yi ta kwasa ba homa ba taru. Amma fa gubar ba ta zaɓe. Tana kashe giwan ruwa da tarwaɗa, ta haɗa da 'ya'yansu da ƙwarin da su ke ci. Kakanninmu ma sun san magimfa, amma dafinta na ganye ne, ba ya daɗewa a ruwa. Shi kuwa lindan kwantawa ya ke yi cikin laka, ya taru a kitsen kifi, ya zarce jikin wanda ya ci. Saboda haka dokar kamun kifi ta 1992 ta hana su da guba a Nijeriya. Cikin 2009 ƙasashen duniya suka sa lindan a jerin abubuwan da za a daina yi, sa'an nan cikin 2015 masanan ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka tabbatar yana jawo cutar.

To, mu Kabawa muna da abin da za mu yi hasara fiye da kowa. Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin su ya zama abin da aka san mu da shi, har UNESCO ta sa shi cikin gādon al'adun duniya a 2016. Dalilin da ya sa ake samun manyan kifaye a Matan Fada kuwa shi ne ana hana kamu a wurin sai lokaci ya yi, Sarkin Ruwa na tsaro. Amma ruwan gulbi tafiya ya ke yi. Abin da aka wanke daga tankin feshi a fadamar sama, gobe yana gangarowa inda ake tsaron.

Wani zai ce talauci ne ke sa mutane haka, kuma ba mu musa ba. Sai dai yawancin ɓarnar da ake yi ba riba a cikinta, rashin sani ne kurum, wanda aka ce ya fi dare duhu. Wace riba ke cikin zuba ruwan sha a jarkar maganin ciyawa? Ko ajiye fiya-fiya cikin kwalbar lemo inda yaro zai kai hannu? Ko yayyafa shi a buhun wake? Haka sholisho, an yi shi domin ya narkar da roba, ga shi samari na shaƙa yana taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Nan ne aikin ya faɗo kanmu, mu da za mu fita mu riƙe aji. Ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne da masunta, sau da yawa su ne masu karanta wa gida rubutun da ke jikin kwalba, wanda galibi da Turanci ya ke. Ya kamata kowane malami ya kawo takardar jikin kwalba cikin aji, ya fassara ta da Hausa, ya nuna alamar ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Ya koya musu kada a juye magani daga mazubinsa, kada a wanke kayan feshi a gulbi, kuma a huda jarkar da ta ƙare don kada a ɗebi ruwa da ita. Muna roƙon malamanmu su sa wannan cikin darasin kiwon lafiya kafin mu tafi gwajin koyarwa. Allah ya kiyaye mana gulbinmu da 'ya'yanmu, amin.