Wasiƙar abota ba takardar roƙo ba ce

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, amma akwai inda ƙafa ba ta kaiwa. Yaron da ke lakwal a Tasawa ba zai tashi ya tafi Faransa don ya gaida tsaransa ba. Abin da zai iya shi ne ya rubuta masa wasiƙa. Shi ya sa wasu makarantu suke ƙulla abota da makarantun ƙasashen waje. Aji ya rubuta wa aji, a haɗa da zane da hoto da labarin gari.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarun 1920 wani malamin ƙauye a kudancin Faransa, mai suna Célestin Freinet, ya sa ƴan ajinsa suna rubuta wa yaran wani gari na bakin teku, su kuma suna maido da amsa. A 1953 hukumar UNESCO ta fara haɗa makarantun ƙasashe dabam-dabam don yara su san juna. A Nijar ma an yi abotar gari da gari. Dogon Dutsi ta ƙulla da Orsay, Tasawa kuma da Conflans-Sainte-Honorine, duka a kusa da birnin Paris.

Abin yana da kyau, sai dai akwai wata cuta da ke kashe shi. Yaro ya samu aboki a nesa, ya ɗauki bik, ya yi gaisuwa layi biyu. Daga nan sai ya shiga lissafi: a aiko masa da agogo, da ƙwallo, da takalmi, har da keke. Abokin nan yaro ne kamarsa, ba shi da ko dala sai abin da uwayensa suka ba shi. Ya tambayi yadda ake wasa a Nijar, sai ga takardar roƙo. Wasiƙa ta farko zai amsa, ta biyu ya yi nauyin hannu, ta uku shiru. Abin da ya fi muni, zai girma yana tsammani babu kome a ƙasar nan sai buƙata.

Wani zai ce, ai gaskiya ce lakwal ba ta da isassun littattafai, wasu yara ma a ƙasa suke zama. Haka ne. Amma wannan magana ce ta manya, tsakanin shugaban makaranta da uwayen yara da hukuma. In kyauta ta zo, a karɓa da godiya. Wasiƙar yaro kuwa aikinta dabam.

Ɗan lakwal na Nijar ba matsiyaci ba ne wajen labari. Abokinsa na Turai bai taɓa ganin rumbu ba. Bai san yadda ake surfa gero, a daka, a cura, a dafa, a kirɓa, a dama fura da nono ba. Bai san langa ba, bai san dara ba. Bai ji labarin kokowar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 ba, wadda ake ba gwaninta takobi. Shi kuma yana da nasa. Zai faɗi yadda ƙanƙara ke rufe hanya lokacin sanyi, da yadda rana ke kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba a watan Yuni. In ya ce yana cin cuku, sai a gaya masa Fulani da Abzinawa ma suna yin nasu. In ya ce a ƙasarsu ana cin dodon koɗi, kada a yi masa dariya. Shi ma baki zai riƙe in ya ji ana soya fara da yaji a kasuwar Maradi.

Ga wani abin mamaki: mai son ba da labarin garinsu dole ya fara saninsa. Yara da yawa a Damagaram suna wucewa ta ƙofar fadar Sarki, amma ba su iya faɗin tarihinta. Ranar da aboki ya tambaya, sai a koma wajen kaka a zauna. A nan ƴan aji mai harshe biyu suka fi dacewa. Su fara rubuta labarin da Hausa yadda tsohuwa ta faɗa, sannan su juya shi da Faransanci. Kalmar da ta ƙi juyuwa, irin su gayya da fura, a bar ta yadda take, a yi bayaninta.

Kuma ba sai an ƙetare teku ake samun aboki ba. Tun da dangantakar gwamnatocin Nijar da Faransa ta yi sanyi a 2023, ayyukan haɗin kai da dama sun tsaya. Amma ga Katsina nan kusa da Maradi, inda yara ke karatu da Turancin Ingila. Ga zangon Kumasi a Gana, inda ake jin Hausa, ana cin dokunu da kifi. Yaran can za su so su ji yadda ake rairayi da raƙumi a arewacin Tawa, kuma wasiƙar ba ta buƙatar tafinta.