Baƙo raɓa ne

Daga 1962 zuwa 2011, Amurkawa fiye da 3000 na ƙungiyar Peace Corps sun yi aikin sa-kai a Nijar. Sukan koyi harshe a Hamdallay, su zauna ƙauye shekara biyu suna taimakon lakkwal, likita da garake. Arewa ma ta samu rabonta. A Janairun 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai, aka kwashe su duka.

To, wa ya gaje su? Samarin Dogondutsi da Tibiri sun san Legas da Abijan, amma can ƙarfinsu yake ƙarewa. Gayya kuwa ba Nasara ya kawo ta ba. Ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikata su ɗauki nauyin wanda ya komo da sana'a, ya koyar da ita a garinsu.