Kafin A Goge Kwamfutar, A Saurari Ciwonta

 A Zakka da sauran garuruwan Safana da Batsari ba a rasa gidan da wani yaya ya bar tsohuwar kwamfutar cinya, ƙanne suna naɗar karatun musabaƙa da ita, ko muhawarar makaranta, ko tatsuniyar kaka. Kuka biyu muke yawan ji: ko ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko murya ta fito kamar daga cikin rijiya. Nan da nan sai a ce a kai ta Dutsin-Ma a goge ta, a sa mata sabon Windows.

Mu dai ba mu goyon bayan wannan gaggawar. Gogewa tana iya tafiya da duk abin da aka naɗa, kuma in ciwon na ƙura ne, ranar da ta dawo za ta sake ɗaukewa, kuɗin mota ya tafi a banza. Don haka aikin farko shi ne a kwafe komai a filasha. Wanda ya ga watannin da aka rufe layukan waya a yankinmu a 2021 ya san abin da ke hannunka shi ne naka, ba wanda ka bari a intanet ba.

Sannan a lura da lokacin da take ɗaukewa. In sai ta jima tana aiki, ƙasanta ya yi zafi, fankarta tana ihu, to zafi ne. Kwamfuta tana kashe kanta ne don kada cikinta ya ƙone. Ƙurar hunturu ta toshe kafofin iskarta, zafin bazara ya zo ya tarar, mu kuma mun ɗora ta kan katifa mun ƙarasa shaƙe ta. A mayar da ita kan tebur, a ɗaga bayanta da littafi, a kashe ta a share kafofin da busasshen buroshi. In kuwa da an taɓa wayar caja ko janareto ya tsaya take mutuwa, batir ne ya gaji. In sandarewa take yi alhali ba zafi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a ga manhajar da ke cinye mata ƙarfi, a rufe ta. A duba ma'ajiya ma: minti ɗaya na murya a tsarin WAV yana cin kusan megabait 5 ko 10.

Batun murya kuma, kowace ƙara da mai ita. In gurnani ne mai kauri da ba ya yankewa, a cire caja a naɗa da batir kawai. In ya ɓace, daga wuta yake, domin lantarkinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, makirufo mai arha kuma yakan kwaso shi. In muryar tsagewa take yi, ƙarfin ɗauka ne ya yi yawa. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, akwai ma'auni a sama: a bar shi yana wasa kusa da -6, kada ya kai ja. Muryar da ta tsage ba ta ɗinkuwa daga baya, sai dai a sake. Amsa-kuwwa kuwa laifin ɗaki ne. Bangon siminti da rufin kwano suna maido da murya. Ɗakin ƙasa na kaka ya fi su nesa ba kusa ba. In babu, a rataya bargo, a matso da baki kamar taƙi ɗaya daga makirufo, a nisanta waya.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a naɗi rabin minti, a saurara da abin kunne. In kuma bidiyo ne za a tura wa malam ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, don in ba haka ba manhajar matse shi take yi, ya isa a dushe.