A Bar Masu Saƙa Su Yi Saƙarsu A Fili

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina roƙon ku ba ni hankalinku kaɗan a kan wata magana da ta ke yawo a tsakaninmu. Kowa ya san 'yan matan nan da su ke taruwa da la'asar a gindin mangwaro kusa da ɗakin cin abinci, kowacce da ƙullin ulu da tsinkayen saƙa. Da su biyar ne ko shida, yanzu sun fi haka nesa, har waɗansu su kan tafi da saƙarsu bakin filin ƙwallo. To, ga shi an fara gunaguni. Waɗansu sun ce ɓata lokacin karatu ne, waɗansu sun ce aikin tsofaffi ne wanda bai dace da mai neman ilmi ba, har na ji ana shirin kai maganar gaban ƙungiyar ɗalibai don a ce kowa ya yi saƙarsa a ɗakin kwana. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Mu fara da zancen ɓata lokaci. Ina so mai wannan magana ya zagaya kwaleji tsakanin la'asar da magariba ya duba abin da sauranmu mu ke yi. Zai tarar da rabinmu mun sunkuya a kan waya, kowa shi kaɗai, ko sallama ba a amsawa. Mai saƙa kuwa, in hannunta ya saba, idonta da kunnenta da bakinta duk suna hutu. Asalin saƙar tsinke ɗauri iri biyu ne kawai, na gaba da na baya, duk sauran ado daga cikinsu ya ke fitowa. Saboda haka tana iya saƙa tana yi wa 'yar'uwarta tambayoyin jarrabawa, tana kuma amsa nata. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya, balle wannan aikin na kanka ne.

Turawa ma da su ka kawo mana wannan sana'a ba a ɓoye su ka yi ta ba. A tsibiran Shetland, can arewacin Sikotilan, a da mata su kan goya kwandon makamashi suna tafe suna saƙa, da wata ɗamara ta fata wadda a ke cusa gindin tsinke ɗaya a ciki don kada ya zame. A ƙauyen Dent kuwa, wanda a lokacin ya ke cikin ƙasar Yorkshire, a da maza da mata da yara su kan taru da dare a gida ɗaya, yau nan gobe can, don a yi tattalin wuta, suna saƙar safa suna waƙe-waƙen ƙidayar layi. Tun shekara ta 1589 wani Bature mai suna William Lee ya ƙago injin saƙar safa, amma duk da haka mutanen irin waɗannan ƙauyuka su ka ci gaba da ci da sha daga saƙar hannu har fiye da shekara 200 bayansa. A ganina taron nan yana cikin abin da ya riƙe sana'ar.

Amma me ya kai mu Ingila? A Kano ko Zariya, ko a unguwar Sabo ta Ibadan, wa bai taɓa ganin magidanci zaune a ƙofar zaure yana ɗinkin hula, abokansa kewaye da shi ana taɗin duniya ba? Masaƙan aso-oke na Iseyin a jere su ke zama cikin rumfa, zarensu miƙe har tsakar fili. Matan Akwete, a Jihar Abiya, a wajen iyayensu su ke koyon tasu saƙa. Kakanninmu mata kuwa tare su ke kaɗi, mazari na juyawa ana tatsuniya. Aikin zare a ƙasar nan bai taɓa zama abin kunya ba. Kunyar ta shigo ne, a zatona, sa'ad da makarantun boko su ka sa saƙar tsinke cikin darasin 'yan mata kaɗai, tare da girki da guga, har samari su ka ɗauka wanda ya taɓa ulu ya zubar da girmansa.

To, ga labari ga samarin da su ke wucewa suna dariya. A tsibirin Taquile, cikin tafkin Titikaka a ƙasar Peru, maza ne su ke saƙar tsinke, tun suna yara a ke koya musu. Da launin hular mutum a ke gane ko yana da aure: ja duka ta magidanci ce, ja da fari ta gwauro. A 2005 hukumar UNESCO ta sa aikin zaren mutanen tsibirin cikin manyan abubuwan gadon 'yan Adam. A wasannin Olamfik na Tokyo kuma, waɗanda a ka yi a 2021, duniya duka ta ga Tom Daley, ɗan Ingila wanda ya ci lambar zinariya a wasan tsunduma cikin ruwa, zaune cikin 'yan kallo yana saƙa abinsa. Ba wanda ya ƙwace masa lambar saboda haka. Tun 2005 ma wata mace mai suna Danielle Landes ta fara ranar saƙa a bainar jama'a, wadda a ka ajiye wa Asabar ta biyu ta watan Yuni.

Kada a ce ban ji ta masu suka ba. Gaskiya ne, inda hannu ya ke aiki baki yana hutu, gulma ta kan sami wurin zama. Ba kowane taron saƙa ne na alheri ba. A birnin Faris a 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, an yi waɗansu mata da su ka yi suna wajen zama suna saƙa a inda a ke sare kawunan mutane. Allah ya kiyashe mu da irin wannan zama! Amma gulma tana nan a ɗakin kwana, tana nan a layin famfo, ba a kuwa rufe famfo saboda ita ba. Na kuma yarda cewa akwai wuraren da saƙa ba ta da hurumi: cikin aji sa'ad da malam ya ke koyarwa, da masallaci, da coci, da taron da shugaban kwaleji ya kira. Wanda ya ke magana yana da hakkin ya ga fuskokin masu sauraronsa. In dokar da a ke so ke nan, ni ma zan ɗaga hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da za mu rasa in an kore su zuwa ɗaki. Ku tsaya a gindin mangwaron nan ku saurara. Za ku ji Yarabanci da Ibo da Hausa da Ingilishi, Musulma kusa da Kirista, 'yar aji ɗaya tana gyara wa 'yar aji uku. Ku gaya mini wani wuri a kwalejin nan, ban da aji inda dole ta tara mu, da a ke irin wannan cuɗanya. Ƙungiyoyinmu kusan duka na 'yan jiha ɗaya ne ko na addini ɗaya. Masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kuwa, a nan su ke samun wanda za su gwada bakinsu da shi ba tare da tsoron jan biro ba.

Ga shi kuma mu malamai za mu zama. In ɗauri ya kuɓuce daga tsinke ya fara warwarewa ƙasa, littafi ba ya kamo maka shi, sai wani ya zauna kusa da kai ya riƙe hannunka ya nuna maka, ya sake nunawa, bai ƙosa ba. Wannan shi ne ainihin aikin da za a biya mu mu yi wa yaro ɗan shekara 6. Wanda kuma ya daɗe bai zauna a matsayin ɗan koyo mai hannu kamar itace ba, ya kamata ya ɗanɗana kafin ya shiga aji ya riƙa yi wa yara tsawa don sun kasa riƙe fensir. Ga lissafi a ciki: ƙidayar ɗauri, da ninki, da ragi, da awon kai kafin a fara hula.

Wani zai ce, a wannan ƙasa mai zafi wa zai sa suwaita? Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, mata da 'yan makaranta a Ingila da Amurka sun taru ƙungiya-ƙungiya suna saƙa wa soja safa, don ƙafafunsu suna ruɓewa cikin ramukan yaƙi masu ruwa. Mu namu mabukatan suna kusa. Jariri sabon haihuwa yana saurin rasa ɗumin jikinsa, musamman bakwaini, shi ya sa ma'aikatan jinya su ke cewa a sa masa hula da safa ko da a ƙasar zafi ne. Hular jariri kuwa aikin yamma biyu ce ga wadda hannunta ya faɗa. In ulu ya yi tsada, a sayi tsohuwar suwaita a gwanjo, a warware ta, a wanke zaren, a shanya, sai ya miƙe.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ita ce ta bar zancen hani, ta roƙi hukumar kwaleji benci biyu ko uku a gindin mangwaron, a kuma tsai da yammacin Asabar don koya wa duk mai so, mace ko namiji. Abin da a ka saƙa na jarirai a tara, in ƙarshen zango ya zo a kai asibitin haihuwa na garin nan. Masu saƙar sun ce suna da tsinkaye na aro ga wanda bai da nasa.