A Ƙirga Itatuwa Kafin A Share Fili

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, gonaki da yawa a wannan yanki sun koma fulotai. Mu ma ikkilisiyoyin Rawayau da kewaye muna neman wurin gina majami'a, gidan fasto ko makaranta. Wannan abin godiya ne. Amma yadda ake share fili yana damuna: a sare duk abin da yake tsaye, a tara, a cinna wuta. Ra'ayina shi ne kada wata ikkilisiya ta sa gatari ko katafila a filinta sai dattawa sun zaga sun ƙirga itatuwan da ke ciki.

Ana iya gama ginin bulo cikin shekara biyu, amma tsamiyar da aka kayar yau, jikokinmu ne za su ga kamarta. Ɗorawa tana ba matanmu kalwar daddawa. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ba ya hana amfanin gona rana, kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani. Itatuwa suna rage ƙarfin iskar farkon damina mai yaye kwanon majami'u. Tsohon itace a kan iyaka kuma shaida ne ranar da gardamar fili ta tashi. Mu da ba mu da yawa a gari, bai kamata mu kawar da shaidarmu da hannunmu ba.

Akwai darasi kusa da mu, a Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ba ta mutu ba. Manoma suka fara barin rassa kaɗan masu ƙarfi, suna datse sauran. Suka kira shi sassaben zamani. Ta wannan hanya itatuwa suka dawo a kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ashe kututturen da muke ƙonawa dukiya ce.

Wani zai ce filinmu ƙarami ne, kuma saiwa tana fasa gini. Gaskiya ne. Itacen da ya faɗa kan harsashi dole a cire shi. Amma sau da yawa idan an gusar da ginin taku kaɗan, ya tsira. Wanda aka bari kuma a kewaye shi da shinge har iyakar inuwarsa. Kada a kwaɓa siminti a gindinsa, kada tifa ta tsaya a ƙarƙashinsa, domin ƙasar da aka danƙare tana kashe saiwa a hankali.

To, wanda aka sare fa? Gungume ya zama benci, turmi ko ƙotar fartanya. Itacen girki a raba wa gwauraye ta hannun Zumuntar Mata. Rassa masu ƙaya su kare sabon dashe daga awaki. Ƙananan rassa a shimfiɗa su kan fako: suna tare ƙasar da iska ke kwasa, gara kuma ta huda ƙasar, ruwa ya shiga. Ganye ya tafi ramin taki. Wuta kuwa tana babbake itacen da aka bari, kuma da hunturu ba wuya ta tsallaka zuwa karan maƙwabci ko rumbunsa. Wace ikkilisiya ce take son fara zama a sabon wuri da ƙara a gaban mai gari?

A Farawa 2:15 aiki biyu aka ba Adamu cikin gonar Adnin, noma da tsaro. Maimaitawar Shari'a 20:19 ma ta hana sare itatuwan da ake cin 'ya'yansu ko a lokacin yaƙi, balle mu da muke gini cikin salama.

Saboda haka ina roƙon dattawa su sa wannan cikin shawarar kwamitin gini: a shafa fenti a jikin kowane itacen da za a bari, a rubuta adadinsu a littafin ikkilisiya, a nuna wa magina kafin a biya kuɗin aiki. Kowane ɗaya da aka sare, matasa su dasa madadinsa da ruwan Yuli, su kuma shayar da shi har ya wuce ranin farko.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.